Lasifikar da ta Tsare Fili

Tun daga bakin ƙofa Pei Shuang ke kallonta, don ba kullum mai furfura da jan wandon rawa ke shigowa shagon gyaran kwamfuta ba. Ta haura saba'in, amma tana tafe ƙyam, maficin siliki soke a ƙugu. Irin matan nan ce da ke cika filayen Chengdu da rawa da sassafe, kuma yadda take ɗaga haɓa, da gani ita ce a sahun gaba.

Ta ajiye kwamfutarta a teburin Shuang, ta kunna. Waƙa na fita kamar ƙuda a gwangwani.

Shuang ta duba, ta ga manhajar da ke ninka sauti fiye da ƙarfin lasifika.

"Inna, manhajar nan ce ta fasa lasifikar. Garanti ba ya ɗaukar irin wannan."

"Na sani, 'yata. Da hannuna na ƙure ta."

"Me ya yi zafi haka?"

"Wasu ne suka zo da akwatin kiɗa za su ƙwace mana fili, mu da muke taka shi tun ba a haife ki ba. Lasifikar ta fashe ana tsakiyar waƙa, muka ƙarasa da baki. Su ne suka tattara suka bar filin."

Ta buɗe maficin, ta rufe.

"Sa sabuwa, amma ki naɗe mini tsohuwar. Wadda ta mutu a fagen fama ba a jefa ta shara."