Idon Idi da Wasan Rumawa

Ranar Asabar, kwana uku bayan Babbar Sallar bara, da hantsi, ina zaune a zauren gidana a Kankiya sai na ji ɗana Nuhu ya kwashe da shewa kamar yaro. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana koyarwa a Katsina, ya zo mana hutun sallah. Kwana biyu yana fama da wani tsohon wasan kwamfuta da ya ce sun yi a shagon haya tun suna sakandare, sabuwar kwamfutarsa ta ƙi karɓarsa, sai ranar ta yarda. "Baba, zo ka ga Rumawa," in ji shi. Ya jawo mini ita kan tabarma, ya ɗora yatsuna a kan maɓallai huɗu, ya ce wannan gaba, wannan baya, wannan sara, wannan kariya.

Na ga fili zagayayye, mutane maƙil a kan benaye suna ihu, ga wani ƙato da takobi da garkuwa wanda Nuhu ya ce ni ne. Na danna, ya kai sara, jini ya yi tsartuwa har na janye fuskata. Na ce a'uzubillahi, amma ban cire hannu ba. Da abokin karawar ya durƙusa, sai hoton ya koma kan wani mutum can sama a kujera, da farin mayafi, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Na tambayi Nuhu shi kuma wane ne. Ya ce shi ke haɗa faɗan, ba ya shiga, hannu kawai yake ɗagawa. Na san mutumin nan, domin na taɓa zama a kujerarsa.

A Fakuwa aka haife ni, kuma karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba. Da damina ba mu da lokacin kanmu: a kai wa manya fura gona, a yanko wa awaki ciyawa, in gero ya fara ido a wuni ana kaɗa gwangwani ana korar tsuntsaye. Amma da an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, an saki dabbobi cikin gonaki, duniya ta zama tamu. In an tashi daga allo sai mu bi tumaki zuwa gonar da ke bayan unguwa, mu yi langa, mu yi kokawa, mu yi kalar gyaɗa mu gasa da karmami. Na girme su duka kuma na fi su tsawo, abin da na ce shi ake yi. Akwai wani suri a gefen gonar, nan nake hawa in zauna.

Muna da hanyar haɗa faɗa da kowane yaro ya sani. Sai a tara ƙasa tuli biyu a ce, "Wanga gemun uban wane, wanga na uban wane." Duk wanda aka shure na ubansa bai rama ba, ya zama abin dariya har kaka ta gaba. Wata rana na zaɓi Idi da Hamza, yara biyu da ba sa rabuwa, gidajensu katanga ɗaya, tare suke cin tuwo. Abin da ya sa na zaɓe su ke nan, ina son in ga ko za su iya. Suka tsaya suna kallon tulin, babu wanda ya motsa. Da Idi ya juya zai koro tunkiyarsa, na sauko na shure na ubansa da ƙafata, na koma na zauna, na ce Hamza ne. Kuma domin dambe da hannu ya gundure ni, na sa aka miƙa wa kowa karan dawa da na fiƙe bakinsa da wuƙar yankan ciyawa.

Idi ya zo yana kuka yana sara. Hamza yana ja da baya yana rantsuwa, ya ɗaga karansa don ya kare kai, Idi ya faɗo a kan tsinin karan. Har yau ban ƙara jin irin ƙarar da ya yi ba. Kafin manya su iso na tara sauran yaran na ce duk wanda ya ambaci tulin ƙasa sai na karya shi, a ce a kan gyaɗa suka yi. Idon Idi na hagu ya tsiyaye. Uban Hamza ya ɗaure shi a turken jaki ya yi masa dukan da ya kwana uku bai tashi ba, gidajen biyu suka daina gaisawa, daga baya uban Idi ya kwashe iyalinsa ya koma Kaikai. Kakata takan ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne." Nawa bai ƙure ba, ya kai ni har furfura. Hamza ya rasu da daɗewa ana ce masa wanda ya cire wa Idi ido.

Washegarin wasan nan na hau mashin ɗin haya zuwa Kaikai. Na sami Idi a gindin darbejiya yana tufkar igiya. Muka gaisa, ya sa aka kawo ruwa, har yana tsokanata wai mutanen birni sun tuna da na ƙauye. Na ce, "Malam Idi, ba Hamza ya shure tulin nan ba. Ni ne." Ya ajiye igiyar, ya daɗe yana kallona da idon nan ɗaya. Sai ya ce, "Shekarar da Hamza zai rasu ya zo nan, nan inda kake zaune, da sandarshi. Ya rantse mani da Allah bai taɓa ƙasar nan ba. Na ce mashi har yanzu ƙarya kake, ban ko tashi na raka shi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kai na yafe maka, Alhaji, ido ya riga ya tafi. Shi fa? Wa zai kai mashi labari?"

Na dawo na tarar da Nuhu ya ci gaba da wasansa. An kashe ƙaton nasa ina tsaye, ya danna maɓalli ɗaya, sai ga shi ya miƙe garau, aka sake daga farko. Da, ina yi wa yaran yanzu faɗa cewa sun bar fili sun koma kallon gilashi, mu ne muka san wasa na gaske. Har yanzu ina kewar ƙamshin gyaɗar nan a cikin toka da kukan tumaki in rana ta yi sanyi. Amma na daina faɗan. Namu wasan ba a sake shi daga farko.