Yatsun Malam Harisu da Idon Limamin Tafoki

A shekarar 1957 Malam Harisu ya fara aiki a ɗakin shan magani na Faskari, a ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya. Kullum da safe yakan share barandarsa da kansa, ya dafa allurai, sannan ya kira na farko a layi. Ranar kasuwar Yankara kuwa, sai ya ɗaure akwati a bayan babur ya bi ƙauyuka.

Tun da aka shimfiɗa kwalta motoci suka yawaita, mutanenmu suka fara zuwa birni ana yi masu aikin hawan ruwan ido, ciwon nan mai cinye gani a hankali. Likita yakan buɗe wa ruwan 'yar ƙofa domin ido ya sassauta. Amma idan ƙofar ta zubar fiye da kima, sai ido ya yi laushi, gani kuma yana iya tafiya ta nan. Malam Harisu ba shi da na'urar awo. Yakan sa mutum ya dubi ƙasa, ya ɗora yatsu biyu bisa fatar ido a hankali, ya gane halin da ake ciki.

Malam Mamuda, limamin Tafoki, shaida ne. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama aka yi wa aiki, da shi kuma yake karatu har yau. Kwana shida da dawowarsa Malam Harisu ya je duba shi, ya taɓa, ya ji idon lugub kamar nunannen tumatir.

"Allah gafarta Malam, mi kake yi da idon nan?"

"Ko gona ban leƙa ba. Salla kawai nike ja."

"Da sujada?"

Liman ya yi dariya. "Kai Harisu! A asibitinku ana salla ba sujada?"

Malam Harisu ya ɗiga masa magani, ya rufe idon da auduga, ya rubuta wa likita takarda. Sannan ya bayyana masa cewa duk lokacin da goshi ya kai ƙasa nauyi yana sauka a kan ɗinkin, yana ƙara yoyo. Sai dai ya yi salla a zaune, da ishara, har sati uku.

Dariyar Liman ta ɗauke. "Ka san abin da kake faɗi? Na zaune ba ya jan na tsaye. Shekara talatin ban ba kowa gaban sahu ba."

"Ni ba malami ba ne, a gyara mani in na yi kuskure. Amma a zauren nan na ji ka gaya wa marasa lafiya cewa akwai rangwame. Sahu zai jira ka, Malam. Idon ne ba ya jira."

Kai ne, Malam Harisu, ka jingine babur ranar, ka zauna a bakin tabarma har azahar ba ka ƙara kalma ba, domin ka san dattijo ba ya son a tura shi. Kai ne ka riƙe sunan duk wanda aka yi wa aikin ido daga Sheme har Sabuwa, ka san wadda ba ta iya haƙura da sa kwalli, da wanda ke komawa ɗaukar dami tun rauni bai kame ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Matasan da ake turo mana yanzu da sababbin kayan awo, ina roƙonsu su zauna wajenka kafin ka tafi, su koyi taɓa ido, su kuma koyi zama da mai idon.

Ranar nan da ladan ya kira azahar, jama'a suka miƙe suna jiran Liman ya wuce gaba. Ya dubi na'ibinsa da ke tsaye a gefe.

"Gide, shiga gaba. Ni a zaune zan yi, a ƙarshen sahu, har sati uku."