Laimar Mushe

Shekarar da maigidana ya ajiye alli, na ɗauka zai yi abin da sauran tsofaffin malaman lakwal (makarantar boko) na Dogon Dutsi suke yi, wato tabarma a ƙofar gida, shayi, rediyo da gardama. Ina! Mushe, wato malam a bakin 'yan lakwal, kamar yadda kowa ke kiransa har da ni, sai ya koma tsintar gorunan lemo na roba. Mutumin da ya koyar da rabin ma'aikatan garin nan kimiyya, ga shi yana leƙen bayan shaguna. Na ce masa mutane za su ce ba na ba shi tuwo.

Roka yake haɗawa, ko "huze" a Faransancinsa. A zuba ruwa a gora, a toshe, a ɗura mata iska da famfon keke, a fizge igiya, sai ta yi sama tana yi wa duk wanda ke kusa wanka. Mai bugun famfon taubashinsa ne, wani mai amalanken jaki daga Ɗan Kassari, wanda ba kimiyya ke kawo shi ba, dariya ce. Ni kuma, da yake tela ce, aka ɗora mini ɗinkin laimar da za ta sauko da gorar a hankali. Fara ƙal ya ce yake so, irin ta hoton littafi.

Bayan an cire gero muka fita gonakin bayan gari. Roka ta tashi, laima ta buɗe can ƙololuwa, iska kuwa ta ce ga rabonta, ta yi gaba da ita.

"Iska ta ɗauke," in ji Mushe.

Taubashi ya riƙe baki. "Wace iskar? Wadda ka busawa, ko ta 'yan borin Lugu? In tasu ce, ka nemo baƙin bunsuru mu tai biko."

Can bayan kwanaki na ga laimata a kasuwar Kore Mairuwa, an rufe ƙwaryar nono da ita. Ɗinkina ne, ko a mafarki na san shi. Mai nonon ta ce daga sama ta faɗo mata. Me zan ce? Na sayi nono na tafi.

Amma akwai abin da ni kaɗai na sani. Duk tashin da aka yi, Mushe zai ɗaga kai, ya karkata shi hagu, ya ce, "Ta buɗe?" Taubashi ya ɗauka halin malanta ne, tambayar abin da ka riga ka sani. Ni na san ba ya gani ne. Likita a Dosso ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, na hagu yana bin sawu, maganin ɗigawa jan lokaci kawai yake yi. Mushe ya hana ni faɗa wa kowa. Laimar nan da yake ta wahala a kanta, bai taɓa ganin buɗewarta da idonsa ba, sai dai mu ba shi labari. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Shi ya sa ranar da ya ce zai ƙera abin da zai riƙe laima a naɗe, kada ta buɗe sai gora ta kusa ƙasa, wai don iska ta daina yi masa sata, ban hana shi ba. Na san so yake ta buɗe inda idonsa yake kaiwa.

Ya farke motar wasan jikanmu, irin wadda ake murɗawa, ya ciro injinta. Ya naɗe laima a jikin gora, ya ɗaure ta da roba, ya maƙala bakin robar a maɓallin da ake murɗawa. In maɓalli ya gama juyawa, roba ta suɓuce, laima ta buɗe. Ya raɗa wa abin suna Hanƙuri. Na yi dariya har da tari, domin wannan mutum ne da ba ya iya jiran koko ya huce.

Saura a san iya murɗin da za a yi. Agogo bai da amfani gare shi yanzu, ba zai kuma yarda ya faɗa ba, sai ya ce agogo na Nasara ne, shi da gaisuwa zai auna. Ya murɗa Hanƙuri a tsakar gida ya ce, "Taho mu gaisa." Na ce ina kwana, ya ce lahiya, abin ya saki, ya ce daidai. A gona kuwa laima ta buɗe tun gora tana hawa, iska ta sake yin gaba da ita.

Na ce, "Mushe, yo gaisuwar miji da mata ai ba gaisuwa ba ce. Mutanen da sunka kwan gida guda, mi za su tambayi juna?"

Ya ji haushi, ya koma ɗaya ƙarshen. Wannan karon da gaisuwar surukai ya auna, irin wadda yake yi wa yayan mahaifina: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina bisashe, kaka ƙarhin jiki, a ɗan yi shiru a sake ɗaukowa daga farko. Roka ta hau, ta juyo, ta taho da ka, ta caki ƙasa tim kusa da jakin taubashi. Jaki ya tsinke igiya ya kama hanyar Ɗan Kassari. Muna tsaye a kan gawar gorar, sai muka ji ƙyat! Hanƙuri ya saki, laima ta baje a kan ƙasa.

"Ihu bayan hari," in ji taubashi, yana share hawaye. "Ko likkahwani ne ta kawo ma mamaciya?"

Kowa ya yi dariya ban da Mushe. A hanyar gida ya yi tuntuɓe da kututturen kara, ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi a waje ba. Ya ce a hankali, "Sau guda dai nike son in gani." Tsoro ya kama ni, domin na san idon ba zai jira wata kaka ba.

Muka zauna a kan gaisuwar maƙwabta, wadda ake yi ta kan danga: ina kwana, ina gajiya, ina gida, to madalla. Ni kuma na yi nawa ban yi shawara da kowa ba. Farar laima a cikin farin sama, ko mai ido biyu sai ya ƙyafta. Na buɗe akwati na ciro jan zanen da ya sayo mini shekarar da aka kawo ni gidansa, wanda nake ɓoyo kamar ƙwai, na sa masa almakashi, na ɗinka sabuwar laima. Na naɗe laimar da kaina, na rufe ta da farin ƙyalle.

Da safe aka buga famfo, aka fizge igiya. Gora ta hau ta juyo. Taubashi ya tsaya gaban Mushe yana yi masa gaisuwar da murya ta tsiya, "Ina kwana, tsoho? Ina gajiya? Ina gida?" Ni dai addu'a nake yi. Gora tana ta tahowa, har na fara rufe ido. Daidai kan gawon da muke tsaye kusa da shi, sai ga ja ya baje a sama, fal.

Na jira ya ce, "Ta buɗe?" Bai ce ba. Kansa a karkace, bakinsa a sake, ya bi ta da kallo har ta sauka a kan karan gero. Sannan ya juyo gare ni, fuska a murtuke.

"Ke! Wanga ba zanen da na sawo miki ba ne? Mai zanen tsuntsaye? Shi kinka yanka?"

Ya yi ta faɗa har gida, wai ba ni da tattali, wai ban san darajar kaya ba. Ina biye da shi riƙe da gora, ina goge ido da bakin mayafi. Har tsuntsayen ya gani.