Gefen da Baba Ba Ya Nomewa

Jiya a fadamar Gammo na ga furen nan ruwan hoda mai dogon kara, sai na tuna Baba, ƙanen mahaifina. Ba ya taɓa nome gefen gonarmu da furen yake tsirowa. Wata damina na tono ɗaya, gindinsa kamar albasa, yana warin laka, na ce zan dasa a gida.

Ya ce, "Kai dai ba ka ji. Wannan in ka raba shi da ƙasarsa, ka kashe shi."

Na dasa furen, bai yi wata ba ya bushe. Da Baba ya rasu, ni na nome gefen na zuba shinkafa, don iyali sun yi yawa. Furen da na gani jiyan ma a gonar wani yake. Tamu babu ko ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sanyaya makwancinka.