Ƙullin Kawu Ishaku

Ranar wata Talata da hantsi, a bazarar shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, lokacin soji na mulki, motar jandarma ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke Filinge. Baba yana zaune kan tabarma yana shan fura, ludayi a hannu. Ba su bari ya ƙarasa ba. Ya sa takalmi, ya ce wa Inna ta rufe ƙwaryar kada ƙuda su faɗa, zai dawo ya sha. Kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa an wuce da shi kaso, wato kurkuku, a Yamai, wai ya ce hatsin agaji ba ya isa ƙauyukan Kurfai. An kuma ji wanda ya kai maganar: Kawu Ishaku, abokin aikinsa a gidan likita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, gida uku ne mu Kiristan unguwar, ba mu da majami'a, zaurenmu nan ne wurin sujada ranar Lahadi, kuma Kawu Ishaku ne mai ba da waƙa. Bayan an kama Baba bai fasa zuwa ba. Ya zo da farar rigarsa, ya lumshe ido, ya ja waƙa da muryar nan tasa mai daɗi, ni kuwa ina gefe ina harararsa har idona ya yi zafi. Tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, har yau ma ba a shaide ni da shi ba. Maƙwabciyarmu Hajo, Musulma, ita ce ke turo mana tiyar hatsi a ɓoye cikin kwando.

Inna ba ta iya karatu ba. Baba ne ke karanta mana Littafi Mai Tsarki, da ya tafi sai littafin ya zauna cikin akwati. Amma tana da tata hanya. Kowace mace da guganta take zuwa rijiya, igiyar Inna kuwa tana da ƙulli bakwai. Mata sun ɗauka don kada igiya ta zame ne, haka ne ma, sai dai kowane ƙulli sunan mutum ne. In tana jan ruwa, hannu bisa hannu, duk ƙullin da ya iso tafinta sai ta kira mai shi, ta ce Ubangiji ya riƙe shi yau. Tulunanmu da randa da kwatarniyar awaki sukan ci guga goma sha wani abu, kowane suna kuwa sau nawa ke nan kafin rana ta yi zafi. Ni aikina in juye ruwa, in gyara gammo, in yi ta 'yar carafke da tsakuwa ina jiranta.

Wata safiya na kasa kunne. Ƙulli na fari Baba, na biyu ni, sai ƙanena, sai kakata, sai Hajo, sai masu mulkin ƙasa. A na bakwai, dab da guga, wurin da nauyi ya fi tsanani, sai na ji ta ce Ishaku. Kai! Na ji kamar an watsa mini barkono. A lissafina na yarinya, Allah ba zai karɓi roƙo biyu masu faɗa da juna ba: in ya riƙe Kawu Ishaku, to Baba ya zauna a kaso ke nan. Da rana, Inna na daka a gidan Hajo, na ɗauko igiyar, na sa haƙori da tsohuwar ƙusa, na yi ta fama har ƙullin ya kwance.

Washegari ta jefa guga, ta fara ja tana kiran sunaye. Ta kai hannu inda ta saba samun na bakwai, babu. Jiƙaƙƙiyar igiya ta zame da guga cike, ta saluɓe mata fatar tafi, ta tafi ƙasa gaba ɗaya, sai da aka aro ƙugiya aka ciro ta. Da muka shiga gida, Inna tana ɗaure hannun da tsumma, sai ta tambaye ni.

"Rahila, ke kika kwance shi?"

"Ni ce. Shi ya kai Baba kaso, Inna!"

"Na sani, ɗiyata. In ban kai sunanshi gaban Allah da sahe ba, wuni nikai ina zagin shi cikin raina. Da wane baki kuma zan roƙa ma babanki jinƙai?"

Ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa ni na maida ƙullin da hannuna, kuma tunda nata ya ji ciwo, mako biyu ni ke jan ruwa da rabin guga, tana tsaye kaina ina kiran sunayen. In na zo na bakwai sai in turo baki in ce, "Da mutumen nan." Ta yi dariya ta ce ba komai, Allah ya san shi.

Bayan an yanke hatsi aka sako Baba, ya rame, ga tari, aka maida shi aiki garin Baleyara muka tashi. Ƙullin bai kwance ba. Igiya uku Inna ta canza a sanina, kowace da bakwai ɗinta.

Shekaru sun wuce, soji sun sauka, na yi aure a Yamai. Ranar da muke zaman makokin Inna sai ga wani tsoho da sanda, da ƙyar na gane Kawu Ishaku. Ya yi wa Baba gaisuwa, sannan ya juyo gare ni. Ya ce matarsa ta gaya masa tun a lokacin abin da Inna ke faɗi a bakin rijiya, kuma tun ranar bai ƙara bin hanyar rijiyar ba don kunya. Sai ya ce, "Rahila, yanzu da ta tahi, wa za ya roƙa min Allah?"

Na sunkuyar da kai har ya ɗauki sandarsa ya fita.

Yau ruwa a famfo yake zuwa mini har ɗaki. Na iya karatu, littattafan addu'a cike da kanta, waya ma tana tuna mini lokaci, amma na daɗe ina roƙa wa waɗanda nake so kaɗai, cikin minti biyu na gama in ce amin. Kawu Ishaku ya rasu ban ba shi amsa ba, kuma abin yana cina. Yanzu kowace safiya da wanda ya ɓata mini rai nake farawa, da sunansa cikakke, ko da baki ya yi nauyi. Na dai makara ga wanda ya roƙe ni.