Tulu Mai Karkataccen Baki

Gwaggona maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Guci, mace mai taurin kai kamar jakin kara. Ina hutun koyarwa a gidanta ta dawo daga ramin yumɓu na tsohon kufai da wani abu ƙunshe a zane.

Ƙaramin tulu ne, ja, da zanen fari. A cikinsa an gina fuskar mutum, ido ɗaya a rufe, baki ya karkace hagu. Ba wanda ke gina fuska a ƙasarmu. Da na kalle shi, na kau da kai.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Ki maishe shi inda kika ɗauko, tun mai shi bai biyo sawu ba."

Gwaggo ta yi tsaki. "Abin da ya fito daga ƙasa ai ƙasa ne."

Maginan tukwane kan daka tsohon tsingaro su gauraya da sabon yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta. A wurin gwaggo, tulun nan tsingaro ne mai kyau, shi ke nan. Na roƙe ta, na yi faɗa, ta jefa shi a turmi. Da garin ta gina randar gidan, kuma gaskiya ban taɓa shan ruwa mai sanyi irin nata ba.

Daga baya, a Magarya, wani abokin aikina a lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, ya nuna mini hotunan tukwanen mutanen Moce, waɗanda suka yi zamani a ƙasar Peru. Fuskoki ne birjik, har da na makafi da marasa lafiya. Ya ce ana jin wasu kamannin mutane ne na gaske. Na ji tsoro. Wato tulun namu ma wataƙila kamannin wani ne, ga shi an daka shi.

Da lokacin kaka aka kira ni, gwaggo ta faɗi a bakin ramin yumɓun. A likita suka ce hawan jini ne, na kuma yarda, ni da na yi boko. Amma da na shiga ɗakin, idonta ɗaya a rufe yake, bakin ya karkace hagu.

Ta kama hannuna, da ƙyar maganar ta fito. "Ke ma kin sha ruwan randar nan ko?"

Na sha, har na ƙara. Kowace safiya sai na daɗe a gaban madubi.