Kwalin Katunan da Ban Buɗe Ba

Ranar wata Talata ce, da ƙarfe goma na safe, a shekarar da gwamnati ta kwaso daga Legas zuwa Abuja. Mu huɗu ne a ɗakin: ogana, akanta, wani matashin likita, sai ni mai rubuta abin da aka tattauna. Ƙaramin jami'in tsare-tsare ne ni a wani sashen kula da lafiya, kuma babban burina a lokacin shi ne oga ya san kaina yana ja.

Batun da ke gabanmu ƙarancin likitoci ne. Jama'a na ta kwararowa, ƙananan asibitocin ƙauye kuwa nas-nas ne kawai a cikinsu. Aka amince likita ya ba su izinin rubuta magani, bisa sharaɗin zai riƙa zagayawa duk mako yana duba katunan marasa lafiya. Akanta ya ce mota da mai da direba za su cinye duk kuɗin da ake son rage wa gwamnati. Oga ya yi dariya, ya ce shi kansa a bas ɗin ma'aikata yake zuwa, balle likitan da ko gemu bai tsayar ba. A nan na kawo shawarar a riƙa haɗo katunan a kwali duk ƙarshen wata, a kawo ofishina, ni in miƙa wa likita. Likitan ya ce wata guda ya yi wa mara lafiya nisa. Ban rubuta wannan magana tasa ba, kuma shawarata aka ɗauka.

A wani ƙauye bayan Kuje akwai wata nas, dattijuwa Kirista 'yar Filato, wadda kowa ke kira Mama. Wani manomin doya ya je wurinta da hawan jini, ta rubuta masa maganin da ake da shi a asibitin. Ashe mutumin yana da asma, maganin kuwa yana shaƙe masu asma. Bayan mako biyar numfashi ya sarƙe masa a gona, ya cika kafin a fito da shi bakin titi.

Aka kafa kwamitin bincike, ni ne kuma sakatare. Mama ta ce ta yi shakka tun ranar, shi ya sa ta rubuta wa likita saƙo da jan biro a katin, kuma ta aiko shi cikin kwalin watan. Oga ya tambaye ni ko na ga katin, na ce ban gani ba. Ban yi ƙarya ba, amma na san kwalin ya iso. A makonnin nan sau biyu aka sauya mana ofis, fayilolin Legas sun cika ko'ina, ban buɗe komai ba. Matar manomin ma ta zo, da ƙasar gona a ƙafarta. Ta ce Mama ba ta kashe mata miji ba, Mama ta faɗa musu babban likita zai karanta takardar. Sai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wane ne babban likitan a cikinmu. Kwamiti ya yanke cewa nas ta wuce iyakarta, aka sallame ta. Da Mama za ta fita ta dube ni, ta ce ɗana, ka ƙara dubawa don Allah.

Sai bayan wata biyu na duba. Kwalin yana ƙarƙashin teburina, a kansa nake ɗora ƙafa. Katin ne na bakwai daga sama. Mama ta rubuta cewa mutumin ya ce ƙirjinsa kan yi fito da sanyin safiya, ba ta da tabbacin ko asma ce, likita ya duba da gaggawa. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin gaggawa. Hatimin ofishina ya nuna kwalin ya iso mako uku kafin rasuwar. A lokacin sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Na mayar da katin, na rufe kwalin.

Na yi ritaya tuni, amma har yau idan na ga jan biro sai in kawar da kai, kuma tambayar matar manomin nan ba ta bar kunnena ba. Ba laifi ba ne nas ta rubuta magani inda babu likita. Mama ta yi abin da ya dace fiye da mu duka. Laifin yana wurin wanda ya ɗora mata nauyi, ya cire wanda zai duba bayanta, ya kira abin tsimi. Ina roƙon masu tsara kasafi su tambayi kansu wa zai biya abin da suka soke. Wanda kuma gaskiyar wani ke hannunsa, ya fitar da ita tun mai ita yana da rai.

Na je neman Mama a Karmo, inda aka ce ta koma tana sayar da kayan miya. Maƙwabciyarta ta ce ta rasu shekara biyu kafin zuwana, kuma ba ta sake aiki a asibiti ba.